ƘWAYAR SHA'IR DA NAUYIN HARSASHI: TARIHIN WATA GARDAMAR MAFARAUTAN AMURKA

A wannan karon za mu ɗan ajiye labaran masoya da na jarumai, mu leƙa dazuzzukan Amurka, inda aka shafe sama da shekara 100 ana tafka wata gardama da har yau ba a kashe bakinta ba. Gardamar kuwa ita ce: wane nauyin harsashi ya kamata mafarauci ya ɗura wa bindigarsa idan zai harbi barewa ko aladen daji, musamman idan bindigar matsakaiciya ce, wadda ba ta cin albarushi da yawa? Mai karatu zai iya cewa wannan ai zancen 'yan hutu ne, tunda bambancin da ake ta da jijiyar wuya a kai sau da yawa bai wuce giram 2 ba. To amma a kan wannan giram 2 ɗin ne ake samun dabbar da ta faɗi cikin sakan kaɗan, da kuma wadda ta tsere da rauni a ciki ta je ta kwana uku tana jan jiki a cikin ƙaya kafin ta mutu, ba ta amfani wanda ya harbe ta ba, ita ma ba ta huta ba.

Bari mu fara da ma'aunin kansa. Idan ka ɗauki kwalin harsashi na Amurka za ka ga an rubuta lamba kamar 55, ko 123, ko 170. Wannan lambar nauyin kan harsashin ne kawai, wato dunƙulen da ke fita ta bakin bindiga ya tafi, ban da kwanso da albarushi. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa giren, kuma asalin kalmar a Turanci ƙwayar hatsi take nufi, domin mutanen Ingila na da can da ƙwayar sha'ir suke kwatanta mafi ƙanƙantar nauyi. Giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, giren 15 da ɗan ɗori kuma ke yin giram ɗaya. Ke nan harsashi mai giren 123 bai fi giram 8 ba.

A zamanin baƙin albarushi babu wata gardama sosai. Albarushin ba ya iya tura dalma da gudu mai yawa, saboda haka wanda ke son ƙarin ƙarfi sai ya ƙara faɗi da nauyi. Harsashin .45-70 da sojan Amurka suka ɗauka a 1873 yana da nauyin giren 405, wato sama da giram 26 na zallar dalma. Abubuwa biyu suka zo suka sauya lissafin. A 1882 wani hafsan ƙasar Siwizalan, Eduard Rubin, ya ƙirƙiro hanyar sa wa dalma riga ta ƙarfe mai tauri don kada ta narke ta manne a bututu. A 1884 kuma Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Daga nan sai ya zamana ana iya tura siririn harsashi marar nauyi da gudun da kakanni ba su taɓa mafarki ba.

Kamfanin Winchester ya kawo wa mafarauta wannan sabon abu a 1895 da harsashin .30-30, a cikin bindigar nan samfurin 1894 da John Browning ya zana. Na farko yana da giren 160, daga baya kasuwa ta tsaya a kan iri biyu, 150 da 170. Ina so mai karatu ya riƙe waɗannan lambobin biyu, domin su ne mudun da aka riƙa auna duk wani matsakaicin harsashi da ya zo daga baya. An ƙera bindigar sama da miliyan 7, kuma Amurkawa kan ce babu harsashin da ya kayar da barewa a ƙasarsu kamar wannan. Babu wanda ya ƙirga, amma ba a cika musun zancen ba. Tun a lokacin mafarauta suka rabu biyu: mutanen kurmi masu harbi a kusa suna son mai 170 don yana ratsa ƙashi, masu farauta a fili kuma suna son mai 150 don ya fi gudu kuma bai cika sunkuyawa a hanya ba.

Rigar da Rubin ya sa wa dalma ta zo da nata cikas. Harsashin da aka lulluɓe gaba ɗaya yakan shige jiki kamar allura ya fita ta ɗaya ɓangaren da ɗan ƙaramin rami. A shekarun 1890, a ma'aikatar makamai ta Dum Dum kusa da Kalkata a Indiya, Turawan Ingila suka gwada barin bakin dalmar a buɗe, ta yadda in ya bugi jiki zai baje kamar lemar kwaɗi. Raunin da yake yi ya yi muni har taron Hague na 1899 ya hana amfani da irinsa a yaƙi tsakanin ƙasashe. Abin mamaki shi ne a wajen farauta dokar ta juye: jihohin Amurka da yawa sun haramta harbin barewa da harsashin soja mai cikakkiyar riga, sun wajabta mai bajewa. Dalili ɗaya ne ya haifi dokokin biyu, wato rage azaba. Sojan da aka raunata ana ɗauke shi a kai shi asibiti, barewa kuwa ba ta da mai ɗaukar ta, don haka jin ƙai a gare ta shi ne ta mutu da wuri.

A tsakiyar ƙarni na 20 gardamar ta samu zakaru biyu a mujallun Amurka. Jack O'Connor, wanda ya daɗe yana rubutu a mujallar Outdoor Life, ya tsaya kai da fata a kan harsashi marar nauyi mai gudu, musamman .270 mai giren 130. Elmer Keith, makiyayi kuma jagoran mafarauta a jihar Idaho, shi kuma ba ya ganin girman komai sai mai faɗi da nauyi. Sun shafe shekaru suna jifan juna da habaici, O'Connor ya rasu a 1978, Keith a 1984, almajiransu suka ci gaba daga inda suka tsaya. Amma a ganina wanda ya fi su gano bakin zaren wani ne da ba marubuci ba. A 1946 John Nosler ya je farauta a yankin British Columbia na Kanada, ya harbi wata ƙatuwar dabba dangin barewa da ake kira mus, wadda laka ta bushe a kafaɗarta. Bindigarsa babba ce, .300 H&H, amma harsasan suka riƙa farfashewa a sama-sama ba su kai ciki ba. Da ya koma gida sai ya ƙera harsashi mai ɗaki biyu da bango a tsakani: na gaba ya baje, na baya ya tsaya cur ya ci gaba da kutsawa. A 1948 ya fara sayar da shi da sunan Partition. Darasin Nosler shi ne nauyin da ke kan kwali daban, nauyin da ya rage bayan harsashi ya gamu da ƙashi daban, kuma na biyun ne ke kashe dabba.

To ina matsakaicin harsashi ya shigo? Shi ba don farauta aka yi shi ba. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka lura yawancin musayar wuta ba ta wuce nisan mita 300, alhali harsashin sojansu an yi shi ne don ya kai ninkin haka da ƙari, ga nauyin ɗauka, ga dukan kafaɗa. Sai suka gajarta kwanson daga milimita 57 zuwa 33, suka sa masa kai mai kimanin giren 125, suka ɗura shi a bindigar StG 44. Tarayyar Sobiyet ta bi sahu da nata a 1943, wanda ya zama 7.62x39, mai giren 123 da gudun kimanin mita 715 a sakan. Shi ne abincin bindigar SKS da kuma AK-47. Wannan na ƙarshen ba sai an gabatar wa mutumin Zamfara ko Katsina ko Maraɗi da shi ba, mun san ƙararsa ta hanyar da ba mu so. Amurka ta bi wata hanya dabam, ta rage faɗin gaba ɗaya: 5.56, wanda farar hula suka sani da .223 Remington tun 1964, kai mai giren 55 kacal, amma gudunsa ya kusa mita 1,000 a sakan.

Daga ƙarshen shekarun 1980 bindigogin SKS ƙirar ƙasar Sin suka cika kasuwar Amurka da arha, kamfanin Ruger ma ya fito da Mini Thirty a 1987 mai cin harsashin Rasha. Talakan karkara da ba shi da kuɗin babbar bindiga ya samu abin shiga daji. Nan take aka fara cewa ai 7.62x39 ɗan'uwan .30-30 ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya amma ba ta cika ba, kuma a nan ne ya kamata mu ɗan dakata mu yi lissafi. Masana harbi suna da wani ma'auni da ke kwatanta nauyin harsashi da faɗinsa: a raba nauyin, a laba, da faɗin, a inci, sau kansa. Duk wanda lambarsa ta fi girma, in sauran abubuwa sun zo daidai, ya fi kutsawa. Ka kwatanta kibiya da dutse masu nauyi ɗaya, wanne zai fi shiga buhun gero? Na .30-30 mai giren 170 yana ba da 0.256, mai 150 yana ba da 0.226, na Rasha mai 123 kuwa 0.182 kawai. Shi ya sa masana'antun Rasha suka riƙa aiko da wani mai giren 154 da baki a buɗe don mafarauta. Sai dai kwanson ƙarami ne, kai mai tsawo yana cinye wurin albarushi, gudun ya sauko zuwa wajen mita 640 a sakan.

Wannan shi ne tarkon matsakaiciyar bindiga, kuma shi ya bambanta ta da bindigogin da O'Connor da Keith suka yi faɗa a kansu. Babbar bindiga tana da rarar albarushi, ko ka ƙara nauyi gudun da ya saura ya isa. Matsakaiciya ba ta da rara. Harsasan farauta da yawa an ƙera su ne su baje idan sun bugi nama da gudun da bai gaza wajen mita 550 a sakan ba. Wanda ya bar bakin bindiga da 640 ba zai yi nisa ba kafin ya faɗo ƙasa da wannan iyakar, daga nan kuma ya koma allura. Mai 123 ya fi shi jan zango kafin ya kai iyakar, amma in ya ci karo da babban ƙashi a kusa yana iya watsewa. Kowanne ka zaɓa akwai abin da ka sayar.

Yanzu bari mu duba dabbobin, don su ma suna da tarihinsu. Barewar da ake magana ita ce mai farin wutsiya, ta fi tamu ta Sahel girma nesa, namiji yakan kai kilo 70 ko fiye. Kafin 1900 masu farautar kasuwa sun kusa ƙarar da ita, har aka yi ƙiyasin ba ta kai rabin miliyan ba a duk ƙasar. Dokar Lacey ta 1900 ta toshe safarar naman daji da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba tsakanin jihohi, dokar Pittman-Robertson ta 1937 kuma ta karkata harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji. Yau ana maganar kusan miliyan 30. Fatarta siririya ce, haƙarƙarinta ba shi da kauri, huhunta babba ne a bayan kafaɗa. In ta tsaya ta ba ka gefe, kusan duk harsashi mai bajewa zai yi aiki.

Alade kuwa baƙo ne a nahiyar. Mai yawon mamaya ɗan Sifen, Hernando de Soto, ya sauka da garkensa a Fulorida a 1539, wasu suka ɓace a daji. Manoman da suka zo daga baya suka riƙa sakin nasu suna kiwon kansu. Sannan attajirai suka shigo da ainihin aladen dajin Turai don nishaɗi, kamar waɗanda aka kai Hooper Bald a jihar Karolina ta Arewa a 1912, suka ɓalle daga shinge suka haɗu da na gida. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ƙiyasta yawansu sama da miliyan 6 a jihohi aƙalla 35, kuma ɓarnar da suke yi a shekara ta biliyoyin dala ce. Mace tana ɗaukar ciki kwana 114 ne kawai, tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Garke guda kan juye gonar masara ko ta gyaɗa a dare ɗaya kamar an bi ta da garma. Kada mai karatu ya ɗauka duk don nama ake bin su, da yawa don kare gona ne. Jihar Teksas ta halatta wa 'yan farauta biyan kuɗi su harbe su daga jirgi mai saukar ungulu a 2011, a 2019 kuma ta cire sharaɗin lasisi ga mai farautarsu a gonar da mai ita ya yarda.

Wannan annoba ce ta ɗaga darajar matsakaiciyar bindiga. Aladu a garke suke fitowa, galibi da dare, kuma da harbin farko za su watse, don haka ana son bindigar da ba ta dukan kafaɗa, mai saurin maimaita harbi. Amma jikin alade ba na barewa ba ne. Tsohon namiji yana da wani sulke na fata mai kauri da tauri kamar guringuntsi a kafaɗunsa, wanda yake kare shi daga haƙoran 'yan'uwansa a wajen faɗa, ga busasshiyar laka a kan gashi. Zuciyarsa da huhunsa sun fi na barewa matsawa gaba da ƙasa, suna ɓoye a tsakanin kafaɗu. Wanda ya saba da barewa ya auna bayan kafaɗa sau da yawa tumbi yake samu. Kitsen kuma yakan toshe ramin, jini bai zuba ba balle a bi sawu. Ni a nawa ganin an ɗan zuzuta sulken nan fiye da kima, domin yawancin aladun da ake harbewa ba su kai kilo 90 ba, amma shi ne hujjar da masu son nauyi ba sa gajiya da kawowa.

Labarin .223 ya ƙara wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, wato murɗin da ke cikin bututu. A cikin bututun bindiga akwai tsagi mai murɗewa da ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, wannan juyin ne ke hana shi tuntsurawa a iska. Tun 1879 masanin lissafi Alfred Greenhill na Ingila ya nuna tsawon harsashi ne ke faɗin yawan murɗin da yake bukata. M16 ta zamanin yaƙin Biyetnam tana kammala juyi ɗaya a inci 12, wanda ya ishi mai giren 55. Da ƙungiyar NATO ta ɗauki harsashin Beljiyam mai giren 62 a 1980, tare da wani dogo mai barin wuta a bayansa, sai aka matse murɗin zuwa juyi ɗaya a inci 7. Bindigogin farar hula suka kwaikwayi na soja, kwatsam sai ga mafarauci yana iya harba giren 64, 70, har 77. Da mai 55 na harbin ƙananan dabbobi, wanda aka yi don ya tarwatse, .223 ta yi ƙaurin suna wajen raunata barewa. Da mai 60 zuwa 70 mai ƙwarin gini ta zama abin da ake kayar da aladu da ita kullum a Teksas. Duk da haka jihar Kolorado har yanzu ba ta yarda da abin da faɗinsa bai kai .24 ba ga manyan namun daji.

Inda nauyi ya fi yaudarar mutane shi ne a .300 Blackout, wanda aka amince da shi a hukumance a 2011, kodayake J.D. Jones ya riga ya yi kusan irinsa da sunan .300 Whisper tun shekarun 1990. Kwanso ɗaya ne amma yana ɗaukar kai daga giren 110 har 220. Wanda bai sani ba zai miƙa hannu ga mai 220, yana tunanin ya ɗauko babban yaya. Alhali shi an yi shi ne da gangan ya yi tafiya ƙasa da gudun sauti, wajen mita 310 a sakan, don a haɗa shi da na'urar rage ƙara. Ƙarfin bugu kuwa gudu ne ke hukunta shi fiye da nauyi, don in ka ninka nauyi ƙarfin ninki biyu yake yi, in ka ninka gudu ninki huɗu. Mai 220 yana fita da kimanin jul 700, mai 125 da ke gudun mita 670 yana fita da kimanin 1,800. Ga shi yawancin masu 220 na farko ba sa bajewa ko kaɗan a wannan gudun. An yi asarar dabbobi da yawa kafin kamfanoni irin su Hornady su fito da masu bajewa a ƙaramin gudu, kamar Sub-X mai giren 190, su ma ɗin sai a kusa.

Bill Alexander ya bi ta wata ƙofa a 2003 da 6.5 Grendel. Kwansonsa jikan na Rasha ne, aka matse bakinsa ya ɗauki siririn kai. Nauyin bai sauya ba, giren 123 ne dai kamar na AK-47, amma da yake ya fi siranta lambar kutsawarsa ta tashi zuwa 0.252, kafaɗa da kafaɗa da tsohon .30-30 mai 170, kuma yana riƙe gudunsa zuwa nesa fiye da su duka. In da za a tambaye ni, wannan ne ya fi kusa da warware matsalar. Winchester kuma a 2019 ta koma wa hanyar Keith da .350 Legend, mai faɗi, giren 150 zuwa 180, saboda jihohi kamar Ohayo da suka buɗe ƙofar farautar barewa da irin waɗannan bindigogi a 2014 bisa sharaɗin kwanson ya zama miƙaƙƙe marar wuya, don kada harsashin ya yi nisa ya faɗa gidajen mutane.

Sai kuma jan ƙarfe ya shigo ya sake dagula lambobin. Randy Brooks na kamfanin Barnes ya fito da harsashi na zallar jan ƙarfe a 1989, babu dalma ko ɗigo. Jihar Kalifoniya, saboda ungulayenta da ke mutuwa da gubar dalma in sun ci ragowar mushe, ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yuli, 2019. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, giram 8.96 ne a inda dalma ke da 11.34, saboda haka a nauyi ɗaya ya fi tsawo, yana bukatar ƙarin murɗi, yana cinye wurin albarushi. Amma ba ya zubar da jikinsa: na dalma yakan rasa wani babban kaso a hanya, shi kuwa yakan fito kusan yadda ya shiga. Shi ya sa masu amfani da shi ke sauka mataki ɗaya, su ɗauki 110 a Blackout, ko 55 zuwa 62 a .223, su samu gudun da zai buɗe shi ba tare da sun rasa kutsawa ba. Hatta doka ta bi wannan lissafin. A Sukotlan tun 1985 ba a yarda a harbi manyan barewa da abin da bai kai giren 100 ba, a 2023 aka sauke iyakar zuwa 80 don masu jan ƙarfe su samu shiga.

Shi kuwa mai giren 154 na Rasha, siyasa ce ta kusa raba gardamarsa. A 1994 gwamnatin Clinton ta hana shigo da bindigogi da harsasan Sin irin waɗannan, a 2021 kuma Amurka ta daina ba da sabon izinin shigo da harsasai daga Rasha. Da tsofaffin izinin suka ƙare sai ya yi wuya a shaguna, masu SKS da Mini Thirty da yawa suka koma kan 123 da 125 ƙirar Amurka da gabashin Turai, suna tsayawa a nisan mita 100 zuwa 150, suna jiran aladen ya juya ya ba su kafaɗa ko gindin kunne.